Mai Riƙe da Fayil: Yadda Jami'in Walwala Ke Tada Himmar Matashin Riƙo Ko Ya Dakushe Ta

A fayilolin hukumomin kula da walwalar yara akwai 'yan kalmomin da ake yawan cin karo da su idan an zo kan matashi ɗan shekara 18 ko 19. Ba ya ba da haɗin kai. Ba shi da himma. Ya daina zuwa ganawa, ya daina ɗaga waya. Mai karatu zai ɗauka an siffanta yaron ne kawai, kamar yadda ake faɗin tsayinsa ko ranar haihuwarsa. Sai dai wanda ya rubuta kalmomin yana cikin labarin tsundum. Da shi aka yi alƙawarin ganawar da ba a zo ba, kuma kiransa ne aka ƙi ɗagawa. Abin da aka rubuta a matsayin halin mutum ɗaya, sau da yawa labarin abin da ke tsakanin mutum biyu ne, ɗayansu kaɗai ke riƙe da alƙalami.

Matasan da ake magana a kansu su ne waɗanda hukuma ta ɗauke daga hannun iyayensu tun suna yara, saboda cin zarafi, ko sakaci, ko wata lalura da ta hana iyayen riƙe su, suka tashi a gidajen riƙo ko gidajen kula da yara har girma ya riske su a can. A Amurka kimanin 20,000 ne ke fita daga riƙon hukuma kowace shekara don shekarunsu sun kai, ba a mayar da su ga dangi ba, ba kuma wani gida da ya ɗauke su 'ya'ya. A da, ranar cika shekara 18 ita ce ranar sallama a yawancin wurare. Sannu a hankali aka gane cewa ba wani uba mai hankali da ke yi wa ɗansa haka. A 1999 majalisar dokokin Amurka ta kafa shirin da ke ɗauke da sunan Sanata John Chafee don taimaka wa irin waɗannan matasa su tsaya da ƙafafunsu, daga baya aka haɗa masa da tallafin karatu na har dala 5,000 a shekara. A 2008 aka yi dokar da ta ba jihohi damar ci gaba da riƙo har shekara 21 da gudummawar gwamnatin tarayya, Kalifoniya kuwa ta fara aiki da nata tsarin a watan Janairun 2012. A Ingila dokar shekarar 2000 ta wajabta wa ƙananan hukumomi su ba mai barin riƙo mashawarci nasa na kansa da rubutaccen tsarin makoma. Ta 2014 ta ba shi damar ci gaba da zama wurin iyayen riƙonsa har 21, ta 2017 kuma ta tsawaita hidimar mashawarcin har 25. Sikotland ta kai nata tallafin har 26.

Dokokin sun bambanta, amma ta ƙofa ɗaya suke shiga rayuwar matashin. Shi bai san majalisa ba, bai san ma'aikata ba. Wanda ya sani shi ne jami'in da aka ɗora wa fayil ɗinsa, mai zuwa sau ɗaya a wata, mai sa hannu kan takarda, mai cewa za a duba. Masanin harkokin mulki Michael Lipsky ya nuna tun 1980 cewa ƙananan ma'aikata masu fuskantar jama'a ido da ido, irin malamai da 'yan sanda da jami'an walwala, su ne a zahiri ke yanke yadda manufar gwamnati za ta kasance, ta hanyar abin da suka ga dama su yi da ɗan lokacin da ke hannunsu. A wurin matashin riƙo, jami'insa shi ne gwamnati.

Wuƙa da nama

Ƙullin maganar yana cikin yadda aka gina aikin kansa. Dokar Amurka ta 2008 ba ta ce a ci gaba da riƙe kowa ba. Sai matashi ya cika ɗaya daga cikin sharuɗɗa biyar: yana ƙarasa sakandare, ko yana makarantar gaba da sakandare ko ta koyon sana'a, ko yana aiki na aƙalla awa 80 a wata, ko yana cikin wani shiri na kawar da abin da ke hana shi samun aiki, ko kuma yana da lalurar rashin lafiya da ta hana shi duk waɗannan. Wa zai tabbatar ya cika? Jami'insa. Wa kuma ake so ya buɗe wa cikinsa idan abubuwa suka taɓarɓare? Wannan jami'in dai.

A ƙaddara yarinya 'yar shekara 19 ta yi mako uku ba ta leƙa aji ba. Karatun ya fi ƙarfinta, kunya ta hana ta faɗa, barci ya ƙaurace mata. Mutumin da ya fi kowa iya taimaka mata shi ne wanda rahotonsa zai iya taɓa ɗakin da take kwana da kuɗin da take ci. In ta faɗi gaskiya, a ganinta ta miƙa wuya ga wuƙa. In ta ɓoye, matsalar ta ci gaba da ruruwa har makaranta ta kore ta. Yawanci hanya ta uku ake bi: a daina ɗaga waya. Abin takaicin shi ne sau da yawa akwai mafita a cikin dokar kanta, domin ana iya mayar da ita ƙarƙashin wani sharaɗin daban har ta farfaɗo. Amma ba za ta san da haka ba sai in an gaya mata tun kafin ta shiga matsala, kuma ba za ta yarda ba sai in wanda ya gaya mata ya taɓa faɗa mata magana ta tabbata.

Chris Trotter, masani ɗan Ostireliya da ya daɗe yana nazarin aiki da mutanen da dole ce ta haɗa su da jami'i, ya sa fayyace matsayi cikin manyan abubuwan da ke raba jami'in da ke samun nasara da wanda ba ya samu. Ma'anarsa jami'i ya fito fili tun farko: ga abin da doka ta tilasta min in rubuta, ga abin da zai tsaya tsakaninmu, ga inda nake da iko, ga inda hannuna ba ya kaiwa. Wasu jami'an na ganin wannan magana za ta sanyaya dangantaka, sai su rufe ikonsu da fara'a, su nuna su abokai ne kawai. A ganina wannan ne kuskure mafi tsada a aikin. Ranar da abokin ya rubuta rahoton da ya janyo yanke tallafi, matashin ba zai kira shi bin doka ba, cin amana zai kira shi. Kuma yaron da ya tashi a riƙo ya ƙware wajen gane babban da ke murmushi alhali takardar hukunci na cikin jakarsa.

Himma iri biyu

Don a gane yadda dangantaka ke taɓa himma, sai an fara raba himma gida biyu. A 1971 masanin halayyar ɗan Adam Edward Deci ya wallafa wani gwaji da ya ba mutane mamaki. Ya ba ɗalibai wani wasan harhaɗa 'yan gutsattsari mai jan hankali, ya biya wasu kuɗi, wasu bai biya su ba. Da aka janye kuɗin aka bar kowa ya yi abin da yake so, waɗanda aka taɓa biya sai sha'awarsu ta ragu. Lada daga waje ya mayar da abin sha'awa aikin ƙwadago. Daga nan shi da Richard Ryan, a Jami'ar Rochester, suka gina ra'ayin da ke cewa akwai himmar da mutum ke jin tasa ce, akwai kuma wadda ake tura shi da ita ta hanyar tsoro ko kwaɗayi. Ta biyun tana aiki, amma ƙarfinta yana ƙarewa ne inda idon mai turawa ya ƙare. Suka ce ta farkon tana tsirowa ne idan buƙatu uku sun biya: mutum ya ji ragamar rayuwarsa na hannunsa, ya ji akwai abin da ya iya, ya kuma ji yana da daraja a wurin wani.

Akwai wani ɓangare na ra'ayin da ba a cika ambata ba, alhali shi ya fi dacewa da wannan magana. Yawancin abin da ake so matashi ya yi ba abin daɗi ba ne. Cike fom, tashi da asuba zuwa aikin da albashinsa bai taka kara ya karya ba, biyan kuɗin haya kafin sayen takalmi, komawa ajin da aka taɓa faɗuwa jarrabawarsa. Ba wanda ke yin waɗannan don nishaɗi. Mutane kan rungume su ne su mayar da su nasu idan an ba su dalili mai ma'ana, an amince da cewa abin yana da wuya, kuma maganar ta fito daga bakin wanda suke jin kusanci da shi. Haka yaro ke karɓar ɗabi'un gidansu ba tare da ya san lokacin da suka zama nasa ba. Matashin riƙo kuwa sau da yawa babban da ke kawo masa waɗannan ɗabi'u na manyanta ma'aikaci ne da ake biya. In akwai jituwa tsakaninsu, "ka nemi aiki" tana iya zama "ina so in yi aiki". In babu, tana nan a matsayin sharaɗi, ana cika ta daidai gwargwadon da zai hana a yanke tallafi. Awa 80 cif, ba ƙari.

Sai kuma a dubi abin da rayuwar riƙo ke yi wa buƙatun nan uku tun kafin jami'in yanzu ya iso. Ragama: alƙali ne ya yanke inda za ka zauna, taro ne ya yanke yaushe za ka ga ƙannenka, wani lokaci ko kwana gidan aboki sai an nemi izini a rubuce. Iyawa: kowane sauyin gida kan zo da sauyin makaranta, kana shiga aji ka tarar sun wuce inda ka tsaya, har ka yarda cewa kai ne ba ka da ƙwaƙwalwa. Daraja a wurin wani: manya suna zuwa suna tafiya, kowa da alƙawarinsa. Masanin halayyar ɗan Adam Martin Seligman da abokan aikinsa sun bayyana tun a ƙarshen shekarun 1960 yadda halitta ke daina yunƙuri idan ta saba ganin cewa yunƙurinta ba ya sauya komai. Wanda ya shafe shekara goma ana yanke masa hukunci ba tare da an tambaye shi ba, ranar da ya cika 18 aka ce masa to yanzu sai ka tsara makomarka, ba abin mamaki ba ne in ya ɗaga kafaɗa.

Wani lokaci kuma abin kan fito da wata fuska daban. Gina Samuels da Julia Pryce, a binciken da suka wallafa a 2008 bayan hira da matasan da ke barin riƙo a Amurka, sun bayyana wani irin dogaro da kai na tsira. Matashi ya yi alfahari da cewa shi ya raini kansa, ba ya buƙatar kowa, neman taimako rauni ne. Wannan hali shi ya raya shi, shi ne kuma ke hana shi miƙa hannu lokacin da ake miƙo masa. Jami'in da bai fahimci haka ba zai ga girman kai. Wanda ya fahimta zai gane cewa himma ce mai ƙarfin gaske, an karkatar da ita ne kawai wajen kare kai, kuma ba a rushe irin wannan katanga da wa'azi.

Tsarin wa?

Inda ake ganin bambancin jami'ai ƙarara shi ne wurin rubuta tsarin makoma. Doka ta yi iya ƙoƙarinta. A Amurka an wajabta rubuta tsarin fita a cikin kwana 90 na ƙarshe kafin matashi ya bar riƙo, kuma an ce shi zai ja gaba wajen rubuta shi. Wata dokar Amurka ta 2014 ta ƙara da cewa daga shekara 14 a riƙa shawara da yaro kan tsarinsa, har ya zaɓi mutum biyu da yake so su zauna a taron. Amma takarda ɗaya ana iya cike ta ta hanya biyu. Akwai jami'in da zai zo da ita a cike, ya karanta, ya ce sa hannu nan. Akwai wanda zai tambaya, ya yi shiru ya jira amsa, ko da shirun ya yi tsawo.

A ce matashi ya ce shi gyaran mota yake so. Jami'i ya san akwai kuɗin tallafi na kwaleji, ya san alƙaluman ofis sun fi kyau idan an rubuta kwaleji, kuma da zuciya ɗaya yake ganin kwalejin ta fi masa. Sai ya shiga lallashi. Matashin ya gaji ya ce to. Bayan wata huɗu ya bar karatun, aka rubuta ba shi da himma, alhali himmarsa tana garejin da ba a bar shi ya je ba. William Miller da Stephen Rollnick, waɗanda suka gina wata hanyar tattaunawa ta zaburar da mutum ya sauya da kansa, wadda ta samo asali daga aikin Miller da masu fama da shan giya a farkon shekarun 1980, sun yi gargaɗi kan abin da za a iya kira ƙaiƙayin gyara. Mai taimako ya ga mutum zai kauce, sai ya yi tsalle ya kawo hujjojin sauyi. Shi kuma wanda ake taimakon, da yake zuciyarsa ta rabu biyu, sai ya kama ɗaya ɓangaren yana karewa. Daga ƙarshe ya ji bakinsa yana jero dalilan da suka sa ba zai iya ba, ya kuma gaskata bakinsa.

Wannan ba yana nufin jami'i ya zama ɗan amshin Shata ba. Akwai wani haɗari a ɗaya gefen, wato ƙasƙantar da tsammani. Binciken da Mark Courtney ya jagoranta daga cibiyar Chapin Hall ta Jami'ar Shikago ya bi matasa sama da 700 a jihohin Illinois, Iowa da Wisconsin tun suna 17 har suka kai 26. Mafi yawansu tun farko sun ce suna son zuwa kwaleji. Da suka kai 26, waɗanda suka samu shaidar kammala karatun gaba da sakandare ba su kai ɗaya cikin goma ba. Buri yana nan, hanyar ce ta tsinke. Jami'in da ya ga irin wannan sau da dama yana iya fara rage wa matasansa buri don ya kare su daga faɗuwa, ya ce a samu ko wane aiki ma ya isa. Matashin yana jin wannan a murya, ko ba a furta ba. Mutunta zaɓin mutum da sa masa rai da babban abu suna iya tafiya tare, sai dai haɗa su yana buƙatar jami'in ya san yaron sosai, sanin kuwa lokaci yake ci.

Masanin halayyar ɗan Adam Edward Bordin ya ce a 1979 ƙawancen aiki tsakanin mai taimako da wanda ake taimako yana tsaye ne kan abu uku: yarjejeniya kan inda aka dosa, yarjejeniya kan abin da kowa zai yi, da kuma shaƙuwa. Mutane kan ɗauka shaƙuwar ce farko. A wurin matashin da aka sha yaudara, sau da yawa daga baya take zuwa, bayan an ga aiki. Jami'i ya ce zai samo masa takardar haihuwa ranar Laraba, ranar Laraba ta zo da takardar. Ya ce zai kira da ƙarfe huɗu, ya kira. Ya kasa, ya ce na kasa, ga dalili. Takardar haihuwa ba ƙaramin abu ba ce, tunda sai da dokar nan ta 2014 ta tilasta wa jihohin Amurka su riƙa miƙa wa mai barin riƙo takardar haihuwarsa, da katin shaidarsa, da bayanan lafiyarsa, abin da ke nuna yawan waɗanda ke fita ba su da ko abin da za su nuna a ɗauke su aiki. Kowane ƙaramin alƙawari da aka cika yana koya wa matashin wani darasi da rayuwa ta hana shi: cewa in ka nema wani abu kan biyo baya. Ba a gina himma a kan komai sai wannan.

Jami'i na bakwai

Duk abin da aka faɗa a sama yana ɗauka cewa jami'in zai daɗe. Nan ne gizo ke saƙar. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar Amurka ya ba da rahoto a 2003 cewa ana ƙiyasta kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na ma'aikatan walwalar yara suna barin aiki kowace shekara, kuma matsakaicin zamansu bai kai shekara biyu ba. Albashi kaɗan, fayiloli sun yi yawa, rubuce-rubuce sun cinye lokacin ganin mutane. Ƙungiyar kula da walwalar yara ta Amurka ta daɗe tana ba da shawarar kada jami'in riƙo ya wuce yara 12 zuwa 15, amma wurare da dama sun zarce haka. A Ingila ma rahoton Eileen Munro na 2011 ya koka kan yadda bin ƙa'idojin takarda ya danne ainihin aikin zama da yaro.

Akwai wani bincike na gundumar Milwaukee ta Amurka na 2005 da ake yawan kafa hujja da shi. Ya gano cewa cikin yaran da jami'i ɗaya ya riƙe fayil ɗinsu, kusan kashi 75 cikin 100 sun samu matsuguni na dindindin, amma da aka kai jami'ai biyu sai adadin ya faɗo zuwa kashi 17.5. Ina ganin ya kamata a yi taka-tsantsan da wannan alƙalami, domin kibiyar na iya tafiya ta baya: yaron da shari'arsa ta ja lokaci dole zai ga jami'ai da yawa, ko da sauyin ba shi ya ja lokacin ba. Amma ba sai an dogara da shi ba kafin a gane illar. Kowane sabon jami'i yana nufin a sake ba da labari daga farko, har da sassan da ba a son tunawa. Yana nufin alƙawuran na baya sun bi shi. Yana nufin baƙo ya karanta mafi munin ranakun rayuwarka a fayil kafin ya ga fuskarka. Matashin da ya kai jami'i na bakwai ya yi lissafi, kuma lissafinsa daidai ne: zuba zuciya a wannan dangantaka asara ce. Sabon jami'in, komai kyan niyyarsa, yana biyan bashin da ba shi ya ci ba.

Me ke faruwa idan aka ba jami'i lokaci? Akwai gwaji ɗaya mai ƙarfi. Ƙungiyar Youth Villages a jihar Tennessee ta Amurka tana da shiri inda jami'i ke riƙe da matasa kamar takwas kacal, yana ganin kowanne mako-mako na tsawon wata tara ko makamancin haka. Cibiyar bincike ta MDRC ta gwada shirin da matasa sama da 1,300 da aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ta fitar da sakamako a 2015. Bayan shekara guda, waɗanda suka shiga shirin sun fi samun kuɗin shiga, sun fi samun tsayayyen wurin zama, ƙuncin rayuwa da damuwar ƙwaƙwalwa sun ragu. Amma a fannin karatu, da faɗawa hannun 'yan sanda, da yawan mutanen da za su iya jingina da su, ba a ga bambanci ba. Wannan sakamako ya fi min amfani fiye da wanda zai ce komai ya gyaru, domin ya nuna iyakar abin. Dangantaka mai kyau tana motsa wasu abubuwa, kaɗan-kaɗan, wasu kuma sun fi ƙarfinta. A Jami'ar Jihar Portland ma Laurie Powers da abokan aikinta sun gwada wani shiri na horar da matasan riƙo su zaɓi burinsu da kansu su kuma bi shi tare da mai rakiya, suka ga ƙaruwar jin cewa su ke jan ragamar rayuwarsu.

Wajibi ne a faɗi wani abu kuma, don kada maganar dangantaka ta zama mafakar gwamnatoci. Kirkin jami'i ba ya biyan kuɗin haya. A Ingila kusan huɗu cikin goma na masu barin riƙo 'yan shekara 19 zuwa 21 ba sa karatu, ba sa aiki, ba sa koyon sana'a, adadin da ya ninka na sa'o'insu kusan sau uku. Irin wannan giɓi ba a cike shi da iya magana. Matashin da bai san inda zai kwana mako mai zuwa ba, hankalinsa ba zai je kan burin shekara biyar ba, kuma jami'in da ba shi da ɗaki ko kuɗin mota da zai bayar, nan da nan kalamansa ke zama iska. Hasali ma ikon cika alƙawari, wanda muka ce shi ne tushen amana, ya dogara ne da abin da hukuma ta sa a hannun jami'in. Haka nan idan bincike ya nuna matasan da ke yabon jami'ansu sun fi ci gaba, dole a tuna cewa wanda al'amuransa ke tafiya daidai ya fi sauƙin shiri da kowa, jami'in ma ya fi jin daɗin zama da shi. Waɗanda suka fi buƙatar dangantakar su ne mafi wuyar ƙulla ta da su. Mike Stein na Jami'ar York ya raba masu barin riƙo gida uku: masu wucewa gaba, masu tsira da ƙyar, da masu ta fama. Ya lura cewa rukuni na biyun ne tallafin mutum tsayayye ya fi iya sauya wa hanya, na ukun kuwa su ne suka fi saurin korar mai taimako, su ne kuma bai kamata a rabu da su ba.

Sannan ga ranar ƙarshe. Wannan dangantaka ce da aka rubuta ranar mutuwarta tun kafin a fara ta, 21 ko 25 ko 26, kuma matashin ya sani. Ya san ana biyan mutumin ne. Wasu kan faɗa a fili idan rai ya ɓaci: ai aikinka ne. Jami'in kirki ba ya musun haka, kuma ba ya ƙoƙarin zama shi kaɗai ne gatan yaron. Shi ya sa a Ingila ƙungiyar Family Rights Group ta ƙirƙiro wani shiri na bin sawun mutanen da yaro ya taɓa shaƙuwa da su, kaka, ko gwaggo, ko tsohon malami, ko uwar riƙon da aka raba su, a sake ƙulla zumuncin tun jami'in yana nan, don a samu wanda ba fayil ne ya haɗa su ba.

Dokokin sun bar wata ƙofa a buɗe da ke nuna nauyin duk wannan. A Kalifoniya matashin da ya fice daga riƙo bayan 18 yana iya dawowa kafin ya cika 21. A Ingila wanda ya ce ba ya son mashawarci yana iya sauya ra'ayi kowane lokaci kafin 25. Abin da ake buƙata daga gare shi kawai ya nema. Da yawa sukan fita da fushi suna 18, su ɗanɗana duniya shekara ɗaya ko biyu, kuɗi ya ƙare, abokin da ya ba su wurin kwana ya gaji. A wannan daren matashin zai buɗe wayarsa ya duba sunaye, ya tsaya kan lambar jami'insa na ƙarshe in bai goge ta ba, ya tuna yadda aka amsa masa a karon baya da ya kira da matsala.